Yini ɗaya ko kwana? Kafin ki fita da yara daga Dutse, karanta wannan

Hutun makaranta ya zo, yara sun cika gida da hayaniya, ke kuma kina latsa waya kina ganin hotunan tsibiran ƙasar Girka, fararen gidaje a kan tudu da shuɗin teku. Kada ranki ya sosu. Mu ma a Jigawa muna da wuraren da za ki kai yara su buɗe ido. Amma kafin ki ce "ina za mu?", ki fara tambayar kanki: yini za mu yi mu dawo, ko kwana za mu yi?

Masu zuwa Girka ma da wannan tambayar suke farawa. Daga birnin Atens, jirgin ruwa na kai mutum tsibirin Egina cikin kimanin awa ɗaya, don haka ana zuwa a dawo a rana guda. Santorini kuwa, wanda hotunansa suka fi yawo, tafiyar awa biyar zuwa takwas ce a ruwa. Wanda ya ce zai je ya dawo a yini, jirgi kawai zai gani. Haka lissafin yake tsakanin Birnin Kudu da Baturiya idan daga Dutse kika tashi.

Idan yini ɗaya gare ki: Birnin Kudu

Birnin Kudu na kudu da Dutse, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. A cikin duwatsun garin, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1950, kuma yau suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Ga abin da za ki nuna wa yara: shanun da aka zana ba su da tozo. Ki tambaye su ko sun taɓa ganin irinsu a garken Fulani. Daga nan hira ta buɗe, domin zanen na nuna cewa kafin shanu masu tozo su cika ƙasar nan, wasu irin shanu ne ake kiwo. Akwai kuma duwatsun da idan aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge. Wannan shi yara ba sa mantawa.

Ku tashi da sassafe, bayan karin kumallo, ku sauko kafin azahar. Dutse yana ɗaukar zafi, musamman daga Maris zuwa Mayu, har tafin ƙafa ya gaya miki. Kowa ya sa takalmi mai rufi, ba silifas ba. Ku nemi ma'aikacin wurin ko ɗan gari ya yi muku jagora, kuma ki ja kunnen yara: ba a taɓa zanen, ba a zuba masa ruwa don ya fito a hoto, ba a rubuta suna a kusa da shi. Abin da ya daɗe haka, hannu ɗaya na iya ɓata shi.

Idan da goyo a bayanki ko yaran ba su wuce shekara biyar ba, wannan ce tafiyarki. Kowa zai yi barci a kan katifarsa.

Idan za ki iya kwana: Hadejia da Baturiya

Dausayin Baturiya na ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, wani ɓangare ne na fadamar Hadejia zuwa Nguru, inda kogin Hadejia da na Jama'are ke malala. A 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Dalili kuwa tsuntsaye ne. Duk shekara, idan sanyi ya tsananta a Turai, sai su keto Sahara su sauka nan, su zauna tsawon hunturu.

Daga Dutse zuwa Hadejia ki ƙiyasta awa biyu zuwa uku, sannan akwai sauran tafiya kafin Baturiya. Tsuntsaye kuma da sanyin safiya da yamma liƙis suka fi fitowa. Idan kika tashi daga Dutse da hantsi, za ki isa rana tsaka, lokacin da komai ya lafa, yara sun gaji, sannan ki juyo cikin duhu. An kashe kuɗin mai, ba a ga komai ba. Gara ku isa Hadejia da la'asar, ku kwana wajen 'yan'uwa ko a masauki, ku fita bayan sallar asuba.

Yammacin ma ba zai tafi a banza ba. Ku zaga ta ƙofar fada ki ba yara labarin Sarki Muhammadu Mai Shahada, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har ya rasa ransa a yaƙin 1906. A hanyar dawowa kuma ku biya kasuwar kifi ku yi wa kaka tsarabar banda.

Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ki tafi da rigunan sanyi, da gidan sauro ko da an ce miki masaukin na da shi, don gefen ruwa ba ya rabuwa da sauro.

Maganar kwale-kwale

Nan ne nake so ki tsaya ki saurara, 'yar'uwa. Kusan kowace damina sai an ji labarin kifewar kwale-kwale a Jigawa, kuma mata da yara na cikin waɗanda abin ke rutsawa da su. Yawancin lokaci dalilan ba sa wuce lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Ambaliyar 2022 ta nuna mana yadda ruwan yankin Hadejia ke cinye hanya da gonaki. Don haka daga Yuli zuwa Satumba ba lokacin yawon fadama ba ne. Ko da rani ne, idan babu rigar kariya ga kowane yaro, ku tsaya a bakin ruwa. Daga gaɓa ma ana ganin tsuntsu. Kukan yaro na minti goma don an hana shi shiga jirgi ya fi sauƙi a kan abin da ba a fata.

Yadda za ki yanke shawara

Ki zauna da maigida ku lissafa abu uku: shekarun autanku, watan da ake ciki, da awoyin da za ku yi a mota. Idan zaman mota, zuwa da dawowa, ya fi zaman da za ku yi a wurin, to tafiyar ta kwana ce. Idan aljihu bai kai na kwana ba, babu abin kunya: ku yi Birnin Kudu bana, ki fara tara na Baturiya a asusu ko adashi. Ko ma ku hau Garu ku ga tsohuwar fadar Dutse a tsakanin duwatsu, ku sayi dabino ku dawo. Yara da yawa an haife su a garin nan ba su taɓa zuwa ba.

Ko ina za ku, ki riƙe ruwan sha isasshe, da abincin da ba ya saurin lalacewa kamar dambu ko soyayyen nama, da ruwan gishiri da sukari na leda, sannan wani a gida ya san inda kuka nufa da lokacin dawowarku.

Ke fa, ina kika taɓa kai naki, kuma me za ki sake da za ki koma? Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.