Allurar mota ko GPS: wanne ke faɗin gaskiyar gudu?

A titin Sakkwato zuwa Jega, tsakanin Bodinga da Shagari, direba kan ga allurar motarsa a 100, GPS ɗin wayarsa kuma yana nuna ƙasa da haka. Galibi wayar ce ta fi kusa da gaskiya. Allura juyawar taya take ƙirgawa, kuma dokar Turai ta hana ta nuna ƙasa da ainihin gudu, shi ya sa masu ƙera motoci ke sa ta ɗan zarce. Amma in aka saka taya mafi girma, motar kan fi abin da allura ke nunawa gudu. Nan haɗarin yake.

GPS kuwa da siginar taurarin ɗan'adam yake aunawa, kuma a fili irin wannan ba abin da ke tare shi. Rauninsa jinkiri ne: in ka taka birki, lambar sai ta ɗan makara kafin ta sauka.