YADDA MASANA KE KAMA ƘANSHIN SHUKE-SHUKE

Jama'a, kowa ya san ƙanshin da ke tashi in an yanki ɗanyar ciyawa. Wannan ƙanshi sinadarai ne da shuka ke saki cikin iska. Ido ba ya ganinsu, amma ƙwari suna jin su daga nesa, kuma da taimakonsu ne uwar tsutsar da ke huda kara take gane masara ko dawar da za ta yi wa ƙwai.

To, yaya ake kama abin da ba a gani? Masu bincike sukan rufe shuka tana raye cikin tulun gilashi ko jakar leda marar wari, ba tare da sun ƙuje ko ganye ɗaya ba, domin shukar da aka ji wa ciwo ƙanshinta dabam ne. Sa'an nan a tura iskar da aka tace da gawayi cikin tulun, ta fita ta wani siririn bututu mai ɗauke da garin da ke tsotse sinadaran, kamar Porapak Q ko Tenax. Bayan 'yan sa'o'i sai a wanke bututun da ruwan sinadari, ko a ɗumama shi, ƙanshin ya fito. Lalle ne a ajiye tulu guda babu shuka, a yi masa yadda aka yi wa sauran. In ba haka ba, sai a ɗauki warin leda a ce na masara ne.

A ɗakin bincike akwai na'urar da ke rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya, wata kuma ta auna nauyin ƙwayoyinsu a gane kowanne. Har akan haɗa gashin jin wari na ƙwaro da wayar lantarki, a ga wane sinadari ne yake motsa shi.

Ta wannan hanya ce, a 1990, Ted Turlings da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa masarar da tsutsa ke ci tana sakin ƙanshin da ke kiran wani ƙaramin zanzaro, shi kuwa ya yi ƙwai cikin jikin tsutsar, ta mutu. A 1997 kuma masana na cibiyar icipe ta Kenya da na Rothamsted ta Ingila suka bayyana cewa ciyawar Melinis, in an shuka ta tsakanin masara, tana korar uwar tsutsa, tana kuma jawo zanzaro.

Saboda haka, manomin da ya ga shuka lulluɓe da leda a gonar gwaji, kada ya taɓa ta, kada kuma ya sha taba kusa da ita, domin hayaƙin yana iya ɓata awon.