Wayar hannu a bakin teku: yadda manhajoji suka sauya kallon tsuntsayen ƙaura

A gabashin Ingila akwai wani faffaɗan mashigin ruwa da ake kira The Wash, inda koguna huɗu ke zubewa cikin teku. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, dubun-dubatar tsuntsayen da Turawa ke kira knot kan sauka a wurin bayan doguwar tafiya daga Girinlan da arewacin Kanada. Idan teku ya cika ya shanye lakar da suke kiwo a kai, sai su tashi gaba ɗaya kamar hayaƙi. Wannan ne ke jan jama'a zuwa Snettisham tun da asuba.

A da, mai kallo sai ya ɗauki madubin hangen nesa da littafin hotuna. Yanzu waya ta karɓi rabin aikin. Manhajar lokutan cikar teku ce ke faɗa masa ranar zuwa, domin ba kowace cika ke tayar da tsuntsayen ba, sai babba. Wasu kuma kan liƙa kyamarar waya a bakin madubin su ɗauki hoto daga nesa.

Manhajar Merlin, ta cibiyar nazarin tsuntsaye a Jami'ar Cornell da ke Amurka, kyauta ce, kuma tana gane tsuntsu daga hoto. A 2021 aka ƙara mata gane kuka. Takan yi kuskure, musamman cikin iska mai ƙarfi, don haka sai an tabbatar da ido. Ita kuwa eBird, wadda aka buɗe a 2002, tana tattara abin da masu kallo suka ƙirga domin amfanin masu bincike.

Sai dai fasahar na iya cutarwa. Tsuntsun da ya sauka a gajiye yana buƙatar kiwo ya tara kitse. Jirgi maras matuƙi, ko mai son hoto da ya matso kusa, kan sa shi tashi ya ƙona ƙarfin da yake tarawa.

Ba lallai sai an je Ingila ba. Wasu tsuntsayen Turai, irin su ruff, kan tsallake Sahara su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru. Matashin da ke kusa da wurin zai iya sauke Merlin, ya ƙirga abin da ya gani, ya tura wa eBird.