Yadda mazauna Kudu za su noma tumatirin gado a cikin gida

Mafi yawan tumatirin da ake sayarwa a kasuwar Mile 1 ta Fatakwal, da Ose a Onitsha, da Ogbete a Enugu, daga Arewa ake ɗauko shi, musamman daga fadamun Kadawa da Kura a Jihar Kano. Saboda haka duk abin da ya taɓa gona ko hanya, sai an ji shi a tukunyar miya. An ga haka a 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, ta cinye gonaki har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. An sake gani a farkon 2021, da 'yan kasuwar abinci da dabbobi suka dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki.

Ga Bahaushen da ke zaune a waɗannan birane, inda fili ke da wuya, buhu biyar ko shida na tumatir a tsakar gida na iya rage wannan dogaro. Sai dai zaɓen iri shi ne matakin farko.

Irin gado shi ne wanda in an cire 'ya'yansa aka shuka, zai haifi irin uwarsa, domin furen tumatir kan yi wa kansa barbara. Roma VF da UC82B, waɗanda manoman rani suka daɗe da sani, suna da wannan hali, haka ma ƙananan tumatirin gida masu tsami da ake samu a ƙauyukan Kudu. Irin kamfani mai alamar F1 kuwa yana da yawan haihuwa, amma 'ya'yansa ba sa riƙe halin uwa, dole a sayi sabo kowace shekara.

A nan ne ya kamata a yi hattara. Irin da ya saba da sanyin hunturu da busasshiyar iskar Kano ba lallai ya jure damshin Fatakwal ba, inda ruwan sama kan haura milimita 2,000 a shekara. Babban abokin gaba a can shi ne cutar bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, wadda kan sa tsiro ya yi yaushi farat ɗaya alhali ganyensa kore shar. Ana gane ta idan aka yanke karan aka tsoma a kofin ruwa: wani farin zare kamar madara zai riƙa tsiyayowa. Ba ta da maganin feshi. Sai dai a tumɓuke tsiron a zubar da ƙasar. Shi ya sa irin da maƙwabta 'yan asalin yankin suka daɗe suna shukawa ya fi cancanta a fara da shi, ko da 'ya'yansa ba su kai na Kadawa kyan gani ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa Nuwamba. A yayyafa iri a akwati, a dasa bayan mako uku zuwa huɗu a buhun da aka huda ƙasansa, cike da ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki. Kada a yi amfani da ƙasar da aka taɓa shuka attaruhu, tattasai ko gauta, domin cutarsu ɗaya. A kafa sanda a ɗaure tsiron, a zuba ruwa a gindi ba a kan ganye ba, a kuma ajiye buhun inda zai samu rana ta awa shida.

Wajen ajiye iri, a zaɓi 'ya'yan da suka nuna sosai daga tsiro mafi lafiya, a matse su a kofi, a bari kwana biyu zuwa uku har yauƙin ya rabu, a wanke, a shanya a inuwa. A Kano ƙullin takarda ya isa. A Onitsha damshi zai kashe irin kafin shekara ta zagayo, sai an zuba shi a kwalba mai murfi.