Abin da Ya Sa Marubutan Talabijin Suka Shiga Yajin Aiki a Amurka

Ɗalibin aikin jarida ya saba ganin sunan marubuci a saman labari. A talabijin kuwa, jarumi ne ke kwashe yabo. Ranar 2 ga Mayu, 2023, mambobi kusan 11,500 na WGA, ƙungiyar marubutan fim da talabijin ta Amurka, suka ajiye alƙalami, nan take shirye-shiryen barkwanci na dare suka tsaya cak, don kullum ake rubuta su.

Kukansu a fili yake: shiri ya karɓu a Netflix, amma kuɗin maimaita nunawa bai taka kara ya karya ba. Ga kuma fargabar a miƙa aikinsu ga ƙirƙirarriyar basira. Bayan kwana 148 aka daidaita, kamfanonin shirya fim da talabijin suka amince ba za a ɗauki na'ura a matsayin marubuci ba. Lallai marubutan sun yi daidai da suka tsaya kai da fata.