Kafin a ɗaure miki, sai an karanta shi

Duk wanda ya taɓa zama bakin ɗakin pansama a asibitin Maraɗi ko na Damagaram ya san masu jiran layi: ɗan kabu-kabun da ya goge gwiwa a kan hanya, yaron da ya faɗa wutar jin ɗumi da hunturu, dattijon ɗan kasuwa mai ciwon sukari da ƙaya ta soka tun watan jiya. Galibinsu ba za su ga likita ba. Ƙafarsu tana hannun malamin jinya.

Shi ya sa darasin miki yake da nauyi ga ɗaliban jinya, irin na makarantun kiwon lafiya na ƙasa (ENSP) na Yamai da Damagaram. Abu na farko shi ne dubawa. Ana auna tsawon mikin da faɗinsa da zurfinsa, a rubuta da kwanan wata, domin wanda zai karɓi aiki gobe ya san ko raguwa yake ko ci. Sai launi: ja alamar sabon nama ne, rawaya ruɓaɓɓen nama ne ko mugunya, baƙi kuwa nama ne matacce da yake hana warkewa. Wari, kumburi, zafin gefen miki da zazzaɓi suna nuna ƙwayoyin cuta sun shiga. Jan maganin nan da jama'a suke so ana shafa musu, ɓoye launin yake yi.

Akwai kuma tsohuwar fahimta da ya kamata a bari, wai miki sai ya bushe yake warkewa. Tun 1962 George Winter na Ingila ya nuna cewa fata ta fi saurin rufewa in miki yana da ɗan laima a ƙarƙashin ɗauri. Don haka ruwan gishiri na asibiti, giram 9 cikin lita ɗaya, ya fi alkol dacewa da wanki, tunda alkol yana ƙona sabon nama.

Inda ido ya fi aiki shi ne ƙafar da ba ta jin zafi. A asibitin Danja, kusa da Maraɗi, an daɗe da sanin haka wajen masu kuturta, kuma mai ciwon sukari haka yake: yana takawa a kan gyambo bai sani ba, har ya kai ƙashi. Malamin da ya ƙware yakan duba takalmin, ya taɓa jijiyar ƙafa, ya tambayi allurar tetanos. In ya ga yatsa ya fara baƙi, ba ya jiran pansama ta gaba, a ranar yake tura mutum babban asibiti.