Idan Gulbi ya kawo, hanya ta yanke

Daga Maraɗi zuwa Madarunfa kamar kilomita 25 ne. Da rani mai babur ba ya ɗaukar ta a bakin tafiya. Amma wanda gidansa yake ƙetaren gulbi, ko can cikin ƙauyukan Gabi, Safo da Sarkin Yamma, ya san hanya tana da lokacinta kamar yadda shuka take da nata. Tafiyar da ake yi daga safe zuwa hantsi a watan 3, tana iya cin kwana biyu a watan 8.

Jama'a, dalilin wannan shi ne Gulbin Maraɗi. Gulbin nan daga Najeriya yake tasowa, cikin ƙasar Katsina. Yana shigowa Nijar ta wajen Jibiya, ya bi ta Madarunfa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya koma Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. Yawancin shekara rairayi ne zalla, yara na wasa a cikinsa, shanu na ratsawa. Daga watan 6 zuwa watan 10 ne yake gudu. Ga kuma ƙanensa, Gulbin Gabi, wanda ke zuba ruwa a tabkin Madarunfa.

Hausawa na cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. A bakin gulbi maganar ba ta cika ba. Ruwan da ya daki Katsina da Jibiya shi ma ruwa ne. Mutum na iya barin gida da safe, sama garau, ko ɗigo bai sauka a gonarsa ba. Ya ci kasuwa, ya juyo da la'asar, sai ya tarar gulbi ya kawo baki da baki. An yi ruwan ne can kudu cikin dare, shi ne ya iso. Tun wajen 1990 da aka gina madatsar ruwa a Jibiya, zuwan gulbin ya sake hali. Wani lokaci yakan yi jinkiri. In kuwa madatsar ta cika aka saki ruwa, sai ya zo da ƙarfi.

Tsofaffin Maraɗi sun san halinsa. A 1945 ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, dole aka tashi aka koma bisa tudu. Ba kuma zancen da can kaɗai ba ne. A ƙarshen watan 8 na 2024, ruwan sama na milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi, gidaje suka rushe, mutane suka rasu. A damanar nan har Yamai sai da ruwa ya yanke mata manyan hanyoyi, aka kuma ɗage komawar yara lakkwal zuwa 28 ga watan 10. In kwalta ta babban birni ta yanke, ina ga turbar ƙauye?

Hanya iri uku

Kowace hanya da yadda ruwa yake yi mata. Ta jigawa, mai rairayi, ita ce ke wahal da mota da rani. Da an yi ruwan fari sai rairayi ya kwanta ya yi ƙarfi, amalanke ya ji daɗin tafiya. Ta fadama kuwa akasin haka ce. Da rani ƙasa ce mai tauri, da damana laka ce mai kama ƙafa. Jaki ya cije, sa ya durƙusa, babur sai an ɗauke shi a ka.

Ta uku ita ce hanyar burji, mai jan tsakuwa. Tana jure ruwa in an bar ta ta sha iska. Abin da ke kashe ta shi ne babbar mota mai kaya ta hau ta tana jiƙe. Taya ya tona rami, ruwa ya bi ramin, gobe ya zama ƙorama. Saboda haka ne a kan irin waɗannan hanyoyi akan gitta shinge bayan ruwa, a tsai da manyan motoci har ƙasa ta tsane. Direbobi na ƙorafi. Amma awa kaɗan da suka jira ita ke barin hanyar ta kai kaka.

Yadda ake karanta ruwa

Masu fito da masunta suna da dabarar da ta kamata kowa ya sani. In an iso mashigi, a kafa kara a daidai bakin ruwa, a zauna a jira kaɗan. In ruwa ya haye karan, gulbi na ƙaruwa ne, ba a shiga. In ya janye ya bar shi a tudu, yana raguwa. Ruwa ja mai kumfa, wanda ke ɗauke da kara, itace da shara, sabon zuwa ne, bayansa akwai wanda ya fi shi.

Zurfi yana ruɗin mutane. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato. Wanda ya kai gwiwa yana ɗaga ƙaramar mota ya juya ta. Ƙasan gulbi kuma rairayi ne mai tafiya: inda aka taka jiya lafiya, yau rami ne. Har a kan mashigin da aka zuba wa siminti, ruwa yakan ci gefe ya bar rami wanda ido ba ya gani. Makiyaya sun fi kowa asara a nan. Babban sa yana iyo, amma maraƙi, akuya da tunkiya ruwa tafiya yake yi da su, yaron da ya bi su don ya ceto kuwa shi ne abin tsoro. Ga shi kuma a shekarun nan kwana a daji bakin mashigi ba abin so ba ne, saboda ɓarayi. Wanda zai ƙetare ya yi sammako, ya kuma buga waya ga na ƙetare ko na kudu ya ji labarin ruwa kafin ya ɗaura wa jaki kaya.

Masu duwatsu ma haka

Wannan wahala ba ta mutanen gulbi kaɗai ba ce. A arewa, cikin ƙasar Abzin, akwai dutsen Bagazam, wanda dokinsa ya yi suna a ƙasar Hausa. Ƙololuwarsa ta kai mita 2022, babu wurin da ya fi ta tsawo a Nijar. Akwai garuruwa da garake a bisansa. Hanyoyin da ke kai mutum gindinsa daga Agadas suna ratsa ƙoramu, in sun kawo mota sai ta jira. Ƙoramar Telwa ce ta yi ɓarna a Agadas a watan 9 na 2009.

A ƙasar Maroko kuwa sanyi ne ke rufe hanya. Can akwai dutsen Tubkal mai tsawon mita 4167. Baƙi na zuwa daga ƙasashe da yawa don su hau shi. Mota tana kai su wani ƙauye, Imlil, daga nan sai ƙafa da alfadari. Daga wajen watan 11 zuwa watan 4 dusar ƙanƙara ke sauka a kan dutsen. Ba irin ƙanƙarar da ke faɗowa nan da hadari ta narke nan take ba ce. Fara ce kamar auduga, tana taruwa ta rufe turba, ta yi watanni. Alfadari yakan tsaya inda ta fara, mutane su ɗauki kaya a baya, su ɗaura ƙarafa masu haƙora a takalmi don santsi. A babbar hanyar da ke haye duwatsun ƙasar ma akan rufe shinge har motar share ƙanƙara ta wuce. Mutanen wurin ba sa tashi sai sun tambayi wanda ya sauko jiya.

Kafin watan 7

Abin da ya sa zancen ya yi nauyi a Madarunfa shi ne, lokacin da hanya ke yankewa shi ne lokacin da aka fi bukatarta. Watan 8 da watan 9 su ne na masassarar cizon sauro. Su ne kuma lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Yaron da jikinsa ya yi zafi har ya fara sanƙarewa ba ya jiran gulbi ya janye. Mace mai naƙuda ma haka.

Don haka mai gidan da ke ƙetare ya yi lissafinsa tun bazara. Iri, taki, gishiri, kanwa da gidan sauro su shigo gida kafin ruwa ya zauna. Matar da watan haihuwarta zai faɗo tsakiyar damana, musamman mai cikin fari ko wadda ta taɓa shan wuyar haihuwa, a kai ta gidan dangi kusa da likita tun da sauran kwanaki. Wasu maza na ganin wannan abin kunya ne, ko su ce wa zai yi masu tuwo lokacin noma. Tuwon kwana goma ba ya kai ran mace da ɗanta. Maganin rigakafin masassara da ma'aikatan lafiya ke rabawa kowane wata da damana, ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, kada a bari ya wuce yaro, kuma a ba shi na kwana ukun duka.

Masu zuwa ziyarar kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da tabkin Madarunfa su ma su duba. Watan Mauludi yana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 cikin watan 9 ya faɗo, tabki cike, turbobin gefensa laka.

Da watan 10 ya shigo ruwa ya ɗauke, gulbi sai ya koma tafkuna nan da can, masu lambu su fara shirin fadama. Lokacin ne amalanke ke fara ɗebo dammunan hatsi daga gona, manyan motoci kuma su shigo neman wake da gyaɗa. Garin da matasansa suka yi gayya suka cike ramuka da tsakuwa da buhunan rairayi, mota na shiga har ƙofar rumbu. Inda ba a gyara ba, mai saye yakan tsaya bakin kwalta, ya cire kuɗin dako daga farashin kowane buhu.